Yadda Saniya Take Tashi

Jambutu, Garwa

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin sauka Yawunde lafiya, gajiyar mota da ta jirgin ƙasa duk ta bi lafiya. Allah ya tsare mini ke a baƙon gari, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da sharrin wanda kika sani da wanda ba ki sani ba. Innarki tana gaishe ki, ƙannenki ma haka. Kawunki Bello ne zai miƙa miki takardar nan idan ya sauke shanunsa, tare da ƙunshin kilishi. Ki ci, ki ɗanɗana wa abokan aikinki, amma kada ki rabar duka ki zauna kina kallo, na san halinki.

Kin san ni da waya. Ko awa za a yi ana magana, ba na wuce lafiya lau, madalla, sai an jima. Shi ya sa na nemi biro da takarda na zauna a zaure bayan la'asar, da rubutun bokon nan nawa da na koyo a Yola tun ina saurayi. Inda ya karkace ki gyara da kanki.

Ga abin da ya sa ni rubutu. Kwana biyu da tafiyarki, Innarki tana tankaɗen gari, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce mini, "Malam, ka san yarinyar nan ta ce za ta cire sunanka?" Na ce daga ina? Ta ce daga ƙarshen fim ɗin, inda sunaye suke wucewa. Wai kin ce mata idan kun fara zango na biyu sunanki kaɗai za ki sa, ba za ki haɗa da nawa ba, don kada ki ƙara jawo mini abin kunya a kasuwa. Na ajiye butar da ke hannuna, ranar ko tuwon kirki ban ci ba. Ba ki yi laifi ba. Ni na kai ki ga wannan tunani, kuma ina so in bi miki hanyar da na bi har na kai ki can, ko Allah zai sa ki fasa.

Da farko ki sani, na kalli fim ɗin nan naku na zane mai motsi, kashi takwas ɗin duka, ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba. Ke kin ɗauka kashi na farko kawai na gani, wanda kika nuna mana a tsakar gida. To, Sali dillalin shanu ne ya zuba mini sauran a wayata. Kullum in nama ya ƙare bayan azahar sai in juya wa hanya baya a rumfa, in jingina wayar da sikeli in kalla, in wani ya doso in kife ta. Ki ji fa, dattijo da furfura yana ɓoyon kallon aikin 'yarsa kamar mai satar goro.

Kuma wallahi aikin ya yi kyau. Ban san ta yaya ke da abokanki biyu kuka tsara labarin nan ba, a ɗan ɗakin nan da fanka ɗaya, cikin zafin Garwa. Wai Sarkin Ƙishi ya zuƙe Binuwai ƙaf ya zuba a tulu ya kulle cikin dutsen Mindif, sai yarinya Dije da tsohuwar farar saniyarta Goggo suka kama hanya don su dawo da kogin. Abin da ya fara kama ni shi ne bakin da kowa yake yi. Goggo Fulatanci take yi, Dije ta amsa mata da Hausa, ba mai fassara wa wani kuma suna jin juna, daidai yadda muke yi da Sali shekara talatin ke nan. Sai ga ƙadangaren nan mai tabarau da ke tsaron gada, shi kuma Faransanci zalla, ba ka wucewa sai ka nuna masa takardu, in ka nuna ya ce hoton bai yi kama da kai ba. Ranar da na ga ya nemi takardar haihuwar saniya, dariya ta ƙwace mini har mai sayen hanta ta tambaya ko lafiya nake.

Kashin da suka isa tafkin Maga ma ya tsaya mini a rai. Tafkin ya ƙafe, kwale-kwale sun kife a kan laka, masu shinkafa suna zaune a bakin gona ba mai magana, sai kifaye cikin ɗan ragowar ruwa suna gardamar wanda zai zama shugaba. Na je Maga sayen shanu sau da yawa, na san kalar ƙasar wurin, kuma ita kika zana. A kashi na biyar kuwa, inda Dije ta yi wa 'yan Sarkin Ƙishi alkawarin za ta ba su Goggo in sun bar ta ta wuce, Goggo tana ji a bayan bishiya, amma da gari ya waye ta durƙusa ta ce mata hau mu tafi, rana na yi, wannan wurin sai da na goge ido da hannun riga. Ni da na yanka shanun da ban san adadinsu ba, saniyar zane ce ta sa ni hawaye. Akwai inda ban so ba, kashi na uku ya cika surutu, aljanun nan na cikin kuka sun daɗe suna waƙa har na ƙosa. Amma kin ga, yau na iya jera magana, sai da na gama yabo na kawo wannan.

Kuskurena na farko ya girmi fim ɗin. Kina lise, wato sakandare, a lokacin. Ranar jajibirin salla ce, kasuwa ta cika, takardar naɗe nama ta ƙare mini. Na dawo gida a gurguje, na ga tarin takardu a kan akwatinki, na ɗaga ɗaya na ga ba rubutun makaranta ba ne, tsuntsaye ne da dawakai da wasu mutane masu fukafukai. Na ce a raina ai wannan ba abin amfani ba ne, na kwashe duka. Da rana kika kawo mini abinci, kika yi kiciɓis da wata mata ta fito daga rumfata riƙe da tsokar cinya a naɗe cikin tsuntsunki, jini ya jiƙe fiffiken. Ina kallonki. Kin bi ƙunshin da ido har matar ta ɓace cikin mutane, sannan kika ajiye kwano kika ce, "Baba, ga abincinka." Da Innarki ta yi mini magana na ce mata takarda ai takarda ce. Daga baya na ji aikin wata shida ne.

Ban taɓa ba ki haƙuri ba, to yau ina ba ki. Kuma ki riƙe wannan: inda kika je akwai abubuwan mutane da ba za ki gane amfaninsu ba, abincinsu, gaisuwarsu, abin da suke ajiyewa a kan tebur. Rashin ganewarki ba shi ke mai da abu banza ba. Kafin ki sa hannu ki tambaya na wane ne, kuma in kin ɓata wa wani, ki faɗa a ranar. Ni na bar nawa ya kwana shekara bakwai.

Na biyu shi ne babba, kin san shi. Ranar da kuka gama kashi na farko kika shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kika ɗora kwamfutar a kan turmi, kika kira kowa har da maƙwabta. Kika ajiye mini kujera a gaba. Aka kalla, mata suna ta salati, yara suna tsalle. Da ya ƙare kowa ya juyo ana jiran abin da zan ce, ke kuma kina tsaye a gefe kina murza bakin mayafi. Ni kuwa abu ɗaya ne ya cika mini ido tun daga tsakiyar fim ɗin. Na ce, "Saniya ba ta tashi da ƙafafun gaba. Wannan tashin doki ne." Na sa takalmi na tafi masallaci.

Maganar gaskiya ce, ba zan janye ta ba. Duk wanda ya tashi cikin shanu ya san saniya in za ta miƙe sai ta tura kai gaba, ta ɗaga ƙugu tana durƙushe a kan gwiwoyin gaba, sannan ta miƙe su ɗaya bayan ɗaya. Doki ne yake fara kafa na gaba. Amma a cikin minti goma sha biyun nan akwai kogi, akwai rana tana faɗuwa a bayan gada, akwai saniya mai magana da ta sa tsofaffi dariya, duk hannunki ne ya yi su, ni kuma ban ga abin faɗa ba sai ƙafa biyu.

Bari in gaya miki inda na samo wannan hali, ba don in wanke kaina ba. Kakanki, Allah ya jiƙansa, shi ya koya mini fiɗa a mahauta. Tsayawa yake a kaina, hannu a baya. In wuƙata ta huda fata ko ta bar tsoka a jikinta, sai ya fizge wuƙar ya ce matsa. In na yi daidai ba ya cewa komai, ya juya ya tafi wurin wani. A wurinmu mahauta yabon ke nan, a bar maka wuƙarka a hannu. Har ya bar duniya bai taɓa ce mini na iya ba, ni ma ban taɓa jira ba. Sai na ɗauka kowa haka yake fahimta. A lissafina, tunda ƙafar saniya kaɗai na gyara miki, ai na gaya miki sauran duk sun yi ke nan. Na fita ina jin na yabe ki, ke kuma ashe ɗaki kika shiga kika rufe ƙofa.

Don haka in Allah ya sa wata rana wani ya kawo miki aikinsa yana murza bakin riga, ki buɗe baki ki faɗi abin da ya yi kyau tukuna, ki faɗe shi da sunansa, sannan ki gyara. Shiru ba ya isar da saƙo sai ga wanda ya tashi a gidan da ake yin sa. Ke ma kina da wannan shirun, a wurina kika gada, ki yi hattara da shi.

Sai kashi na takwas. An iso gindin dutsen Mindif, Goggo ta kwana uku ba ruwa, ta faɗi ta kwanta. Dije tana jan igiya, tana roƙo, tana kuka, har ta faɗi abin da ta yi mata a kashi na biyar, Goggo ta ce na sani tun ranar. Aka yi shiru, ba kiɗa ba komai. Sai na ga saniyar ta tura kai gaba. Na matso da wayar kusa da idona. Ta ɗaga ƙugu, ƙafafun baya suna rawa, ta daɗe a durƙushe a kan gwiwa tana numfashi, tozon ya karkata gefe ɗaya irin na tsohuwar saniyar da ta rame, sannan ta kafa ƙafar dama, ta kafa ta hagu. Ko jelar da take kaɗawa sau ɗaya bayan ta miƙe ba ki manta ba. Na mayar baya na sake kallo har batir ya mutu. Sali yana bayana ban sani ba, sai na ji ya ce, "Kai, wanda ya zana wannan ya san nagge." Bafulatani ne ya faɗa, har da sunan saniya a yarensu, kin san ba sa ba mu wannan shaida da arha.

Da na dawo gida na tambayi Innarki, ta ce ai tun bayan maganata duk ranar kasuwar shanu kike tafiya da littafi, ki zauna a rana a gefen turke kina jiran saniya ta ga damar tashi, masu shanu suna yi miki dariya. Kusan wata uku kina haka, ni ina can cikin kasuwar ina taya shanu ban taɓa lura ba. Kin ɗauki maganar da na jefe ki da ita a gaban mutane, kin gina wurin da ya fi kowane kyau a fim ɗin da ita. Wannan ba ni na koya miki ba, ba ni da abin da zan ƙara a kai. Sai dai in ce ki ci gaba da haka. Can za su ba ki manyan na'urori, za su nuna miki yadda ake yi a ƙasashen waje, ki koya duka. Amma duk abin da za ki zana ki je ki gan shi da idonki, kuma kada ki yarda a mayar da Goggo mai jin Faransanci kaɗai don a burge wasu.

To, na ga wannan duka, na dawo gida, kika kawo mini ruwan alwala, na karɓa na ce sannu. Ban ƙara ko kalma ba. Har ma da kika ce sezon na farko ya ƙare, kina nufin zangon fim ɗin, abin da na iya tambaya shi ne ko na biyun sai damina ta faɗi, don ni a sanina sezon ko rani ne ko damina. Ƙannenki suka yi ta birgima don dariya, har yau in hadari ya taso sai su ce Baba, ga fim ɗinka nan tafe. Na bar su suna dariya don ya fi mini sauƙi a kan in faɗi abin da ke raina.

Kuskure na ƙarshe shi ne wanda ya kai ki ga cire sunana, kuma shi na fi jin nauyin rubutawa. Wata ranar Laraba a mahauta, an gama yanka ana wanke wuƙaƙe, wani daga cikin abokan sana'a yana kallon fim ɗin a waya, mutane sun kewaye shi. Da sunaye suka fara wucewa ya karanta naki haɗe da nawa da ƙarfi, ya ce, "A'a, Ibrahim, ba ɗiyarka ba ce wannan? Gidan fawa ya koma yin 'yar tsana?" Aka fashe da dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, irin tsokanar da muka saba ce. Amma ni sai na ce, "Yaran gida ne suke wasanninsu." Na ci gaba da wasa wuƙata. Garwa kuwa ba ta da girman da magana za ta ɓata a hanya, kafin magariba ta iso kunnenki.

Ba kunyar aikinki na ji ba, Allah shi ne shaida. Ke ce 'yar fari. An tashe mu a kan cewa mutum ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yabonsa a gaban mutane, in an yabe shi ma sai ya kau da kai ya kawo wata magana. Tun ranar sunanki ban taɓa furta sunan da bakina ba, sai ke, sai yarinyar nan, sai 'yar gidan nan. Kunya ce mai kyau a wurinta, ban raina ta ba. Amma ranar nan na fake da ita na ƙi amsa ki a gaban mutane, kika ji kamar na ce ba tawa ba ce. Har a tasha da kika durƙusa kika ce, "Baba, zan tafi," kina kallona kina jira, abin da ya fito mini shi ne Allah ya kiyaye hanya. Motar ta tashi ina tsaye da sauran maganar a baki. Kada ki bar al'ada, kowace iri ce, ta hana ki tsaya wa naki a lokacin da yake bukata.

Shekaranjiya na koma mahauta da niyya. Na jira aka gama aiki, mutane sun taru ana shan shayi, na ciro wayata na kunna kashi na takwas na miƙa wa sarkin fawa, na ce a duba mini tashin saniyar nan ko akwai gyara. Aka kewaye shi, dattawan da suka shekara arba'in cikin shanu. Suka kalla sau biyu, sai sarkin fawa ya gyaɗa kai ya ce babu gyara. Da sunaye suka zo ban jira kowa ya karanta ba. Na ce ɗiyata ce ta zana, ta fari, tana Yawunde za su yi na biyu. Wanda ya tsokane ni rannan ya ce, "Yau kuma Ibrahim ya ajiye kunya a gida." Na ce masa na ajiye.

Saura in faɗa a gabanki. Hannuna ya daɗe a kan takardar kafin in iya, amma ga shi.

Hajara, kin iya. Aikinki ya yi kyau, ina alfahari da ke, kuma tafiyar nan da yardata da albarkata kika yi ta. Ina roƙonki kada ki cire sunana daga bayan naki. In akwai wuri ma, ki ƙara Mahauci a ƙarshe, don duk wanda ya karanta ya san gidan da kika fito.

Ki riƙe salla, ki ci abinci a kan lokaci, ki riƙa kiran Innarki ko ba ki da abin faɗa. Allah ya yi miki albarka, ya sa hannunki ya zama sanadin alheri gare ki da mutane, ya kare ki a fita da shiga, ya dawo mana da ke lafiya muna da rai. Amin.

Mahaifinki,
Ibrahim Mahauci